Ɗinkin Siket a Gida da Fatan ɗin Mujalla

Yawancin telolinmu a Birnin Kebbi, Jega da Argungu ba sa aiki da takarda. Tef ne da alli: a auna mace, a zana a jikin yadi, a sa almakashi. Hannun da ya daɗe yana yanka ba ya buƙatar fiye da haka. Amma wadda take da keke a ɗaki, ta iya jan layi miƙaƙƙe, yanka ne kawai ke ba ta tsoro, fatan ɗin da ke zuwa cikin mujallun ɗinki, wato zanen yankunan tufa a takarda da ake ɗorawa kan yadi a yanka, zai ɗauke mata babban nauyi. An riga an fitar da lanƙwasar hif, wato cikar mazaunai, an auna dat, wato ɗan ninki mai tsini da ake ɗinkewa don yadi ya bi jiki, an sa alamar inda kowane yanki zai haɗu da ɗan'uwansa. Siket kuma shi ya fi dacewa a fara da shi, tunda ba wuya, ba hannu, ba hammata.

Sai dai wanda ya zana fatan ɗin bai san atamfa ba. Ya yi lissafinsa ne da yadi mai faɗin santimita 140 ko 150, da mace mai tsawon santimita 168, kuma sau da yawa siket ɗin a gwiwa yake tsayawa. Zama a tabarma da hawa kabu-kabu ba sa cikin lissafinsa. Saboda haka fiye da rabin aikin a kan takarda ake yin sa, tun yadi yana ninke cikin akwati.

Takardar da ke tsakiyar mujalla

Mujallar da ta fi suna a wannan fanni ita ce Burda ta ƙasar Jamus, wadda Aenne Burda ta fara fitarwa a 1950, aka soma saka mata takardar fatan a 1952. Ana buga ta da harsuna da yawa, don haka wadda za ta faɗo hannunki tana iya zama da Turanci ko Faransanci, balle nan Kebbi da muke iyaka da Nijar da Benin. Harshen bai cika hana aiki ba, lambobi da zane sun isa. Tsufan mujalla ma ba aibi ba ne, don siket miƙaƙƙe bai sauya ba. Abin dubawa kafin ki biya kuɗi shi ne babbar takardar nan mai ninki da ake maƙalawa a tsakiya. In an cire ta, hotuna kawai kika saya.

Idan kika baje ta za ki ga layuka ja, kore, shuɗi da baƙi sun hau kan juna gaba da baya, kamar sawun kaji a rairayi. Kayan mujallar duka ne aka jibga wuri ɗaya, shi ya sa ba a sa mata almakashi. Yanke siket ɗaya ya kashe riguna goma. Ki koma shafukan bayani, ki nemo lambar siket ɗin da kika zaɓa. Nan za a gaya miki harafin takardar da yake kai, launin layinsa, lambobin yankunansa, da irin layin kowane sayis, wani ɗigo-ɗigo, wani tsinke-tsinke, wani miƙaƙƙe. Lambobin yankuna suna jere a bakin takardar. Ɗora yatsa kan lambar, ki bi ta kai tsaye zuwa ciki, za ki same ta kwance a kan layinta.

Awo

Lambar da kike saya a kayan kanti ko na gwanjo ba ruwanta da ta mujalla. Cire zani da duk abin da ke ƙara kauri. Ɗaura siririyar roba a ƙugu, ki lanƙwasa dama da hagu, inda ta zauna nan za a auna. Sai hif, wato inda mazaunai suka fi cika, galibi santimita 18 zuwa 23 ƙasa da robar. Tef ya kwanta daidai gaba da baya, kada ya zame, kada kuma a ja shi har ya nutse a jiki. Tsawo kuwa wata ce za ta auna miki ta gefe kina tsaye cak, don da zarar kin sunkuya ki duba, awon ya ɓaci.

Telolinmu da inci suka saba, mujallun Turai da santimita. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, kuma duk juyin lissafi sai an yar da ɗan wani abu. Juya tef ɗinki zuwa fuskar santimita, ki zauna a kanta har a gama.

A teburin awon Burda da aka saba gani, sayis 38 ƙugu 70 ne hif 94. Sayis 40 ƙugu 74 hif 98. Sayis 42 ƙugu 78 hif 102. Sayis 44 ƙugu 82 hif 106. Duk da haka ki duba teburin da ke cikin taki mujallar. Siket da hif ake zaɓarsa, domin rage ƙugu abu ne mai sauƙi, ƙara hif bayan an yanka kuwa ba ya yiwuwa. Ki lura, a kowane sayis tazarar ƙugu da hif 24 ce, alhali mata da yawa tasu ta fi haka. A ce ƙugunki 76, hif 106. Sayis ɗinki 44 ne, amma ƙugunsa ya fi naki da santimita 6. Kada ki kwashe shidan nan daga gefe kaɗai, hif zai yi kumburi a waje. Gefe biyu ne, kowane da baki biyu, baki huɗu ke nan: cire santimita 1 a kowane baki, huɗu sun tafi. Sauran biyun ki raba wa dat biyu na baya, kowane ya ƙara zurfin santimita 1, rabi ta wannan ƙafa rabi ta waccan.

Wannan rabawa huɗu ita ce inda masu farawa suka fi faɗuwa. Takardar da ke gabanki rabin gaba ce da rabin baya. In kina son ƙarin santimita 4 a zagayen siket, santimita 1 za ki ƙara a gefen kowace takarda. Wadda ta ƙara huɗu a kowace ta ƙara 16.

Kada ki ƙara sararin motsi da ka, an riga an saka shi. Don ki tabbatar, auna takardar gaba da ta baya a layin hif, ki haɗa, ki ninka biyu. A siket miƙaƙƙe ya kamata ya fi hif ɗinki da santimita 3 zuwa 5, kuma tunda atamfa ba ta miƙewa, mu kuma a ƙasa muke zama, biyar ɗin ta fi. In kika ga awon takarda bai ma kai na jikinki ba, to an zana fatan ɗin ne don yadi mai roba. Nemi wani, wannan ba zai yi da atamfa ko shadda ba.

Kwafa

Goge babbar takardar da dutsen guga mai ɗumi-ɗumi don ninkin ya kwanta, ninki ɗaya yana cin milimita biyu ko uku. Shimfiɗa ta a tebur ko daɓen siminti mai santsi. Tabarma ba ta yi, fensir zai riƙa tsalle. Ɗora farar takarda marar kauri wadda ake hango layi ta cikinta, ki danne kusurwoyi da abu mai nauyi. In babu ita, leda mai haske da maka sun wadatar, amma kada ki ja ledar, tana miƙewa, musamman da zafi. Hanya ta uku ita ce a sa takarda mai kauri a ƙasa, kabon a kanta, fatan a sama, a bi layi da biron da ya ƙare. Da rana ake wannan aiki, kusa da taga. A hasken fitila kore da shuɗi suna rikiɗewa.

Bayan zagayen yanki, kwashe duk ƙananan alamomi: doguwar kibiyar da ke nuna tsayin zare, dat da tsininsu, layin hif, inda zif zai tsaya, gajerun layukan haɗi da ke bakin yanki, da ƙananan lambobin kusurwa, waɗanda ke nufin 1 ta haɗu da 1, 2 da 2. Bakin da aka ce a ɗora kan ninkin yadi ki rubuta masa “ninki” da manyan baƙaƙe. Bandin ƙugu da sauran yankuna masu kusurwa huɗu galibi ba a zana su, awonsu kawai ake bayarwa a shafin bayani. Wani dogon yanki kuma a kan raba shi biyu a takardar, sai kin kwafe kin haɗa da salatif.

In daga intanet aka buga miki fatan a shagon kwamfuta, a buga shi a girmansa na asali, ɗari bisa ɗari. Akwai ɗan akwati da ake zanawa a shafi ɗaya don gwaji, sau da yawa santimita 10 kowane gefe. Sa rula a kai tun kina shagon. In ya fito tara da rabi, hif 110 ya koma 104 da rabi.

Rarar ɗinki

Fatan ɗin cikin mujallar Burda ba shi da rarar ɗinki, wato ɗan yadin da ake bari bayan layin ɗinki. Layin da kika kwafa layin da allura za ta bi ne. Na kamfanonin Amurka irin su Simplicity da McCall's kuwa, masu zuwa cikin ambulan, an riga an saka musu santimita 1.5. Sai kin karanta ko kin auna kafin ki san wanne ke hannunki. Siket mai ɗinki uku, gefe biyu da tsakiyar baya, yana da baki shida. Yanke shi ba rara, ki ɗinka a santimita 1.5, kin yi asarar santimita 9, fiye da sayis biyu. Ƙara rara a kan wanda yake da ita, ya yi miki yawa da tara ɗin dai.

Mujalla kan ce santimita 1.5 a kowane ɗinki, 4 a ƙasa don kalmasa. A siket na farko mun fi son 2.5 a gefe biyu, don a sami abin saki in ya matse. Bakin ninki ba a ƙara masa komai. Zana rarar a jikin takarda da rula, ɗigo bayan ɗigo, sannan ki yanke takardar, ki rubuta a kai cewa an saka. Zanawa da alli a jikin yadi ma ana yi, amma alli yana da kauri, kuma ranar da aka yi baƙi ana tsakiyar yanka ranar ake mantawa.

Tsawo da taku

Nan ne fatan ɗin Turai ya fi buƙatar hannunki. Siket miƙaƙƙe mai tsayawa a gwiwa in kika ja layinsa har idon sawu, bakinsa na ƙasa zai tsaya wajen santimita 110 ga mai hif 106. Da wannan ba za ki tsallake kwata ba, balle hawa babur. Yi taku ɗaya irin na tafiyarki ta kullum ki tsaya a haka, a zagaya tef a idon sawunki biyu, a ƙara santimita 10. Yakan kai kusan mita ɗaya da rabi. Bakin siket bai kamata ya gaza wannan ba.

Turawa da tsaga suke magance wannan, tsagar da za ta isa a dogon siket kuwa sai ta kai gwiwa, abin da mafi yawanmu ba za su sa ba. Hanyar da ta fi kyau a takarda take. Bayan kin ƙara tsawon, ja layi daga tsinin dat kai tsaye zuwa ƙasa, ki tsaga takardar daga ƙasa har tsinin, ki rufe dat ɗin da salatif. Ƙasan zai buɗe da kansa. Liƙa takarda a gurbin. Yanzu faɗin ya bazu gaba da baya, siket zai zuba daidai. Mai cikar mazaunai ta rufe rabin dat ɗin baya kawai, ta bar rabi, don baya yana buƙatar tsukewarsa. A gefe ana iya ƙara santimita 5 ko 6 a ƙasa, a ja layi zuwa hif. Fiye da haka gefen zai yi tsini ya tsaya waje, gaba da baya kuma suna nan a matse. Bayan an buɗe, auna tsawon daga ƙugu a wuri huɗu ko biyar, ki haɗa ɗigon. Bakin ƙasa zai fito da ɗan lanƙwasa, haka ake so. In kika ja shi miƙaƙƙe, gefe zai fi tsakiya tsawo ya riƙa jan ƙasa.

Wadda take son siket ya bi jiki har gwiwa sannan ya buɗe, sai ta bar santimita 45 na ƙasan kowane gefe ba ɗinki, ta yanka ƙyalle mai kusurwa uku, dogayen gefensa 45, gindinsa 25 mai ɗan lanƙwasa, da rararsa, ta cusa a gurbin. Biyu sun ƙara santimita 50.

Yadi

Faɗin atamfa wajen inci 45 zuwa 47 ne, kusan santimita 115 zuwa 120, kuma sai an cire bakin da aka rubuta sunan kamfani. Adadin yadin da mujalla ta rubuta ba zai yi miki aiki ba. Zana layi biyu da alli a daɓe, tazararsu santimita 112, ki jera takardunki a tsakani, ki auna tsawon da suka ci, sannan ki tafi kasuwa. Yadi ɗaya santimita 91 ne da ɗoriya. Dogon siket miƙaƙƙe na mai hif 106 yana fita a yadi biyu har da ragowa, mai buɗewa yana neman biyu da rabi. In zanen manya ne, ƙara tsawon zane ɗaya don haɗi. Turmi mai yadi shida zai ba ki siket, riga da ɗankwali.

Kibiyar fatan tana cewa tsawon siket ya bi tsawon yadi. Amma zanen atamfa da yawa an tsara shi ne ya tsaya daidai in an ɗaura zani, wato baki ɗaya a ƙugu, ɗaya a ƙafa. Bin kibiya a irin wannan sai tsuntsu ko fure ya kwanta a gefe. Atamfa saƙarta a tsuke take, tana jure a yanka ta a kwance, kuma siket mai tsawon 100 da rararsa 105.5 ne, yana shiga cikin faɗin. Sharaɗin kawai shi ne duk yankuna su fuskanci wuri ɗaya, kibiya kuma ta yi daidai da zaren yadi, kada ta karkace. Matiriyal mai santsi da zuba kuwa a bi kibiya yadda take.

Auduga tana tsukewa a wankin farko. Mata da yawa ba sa son jiƙa sabuwar atamfa don kada ƙyallinta ya tafi, kuma da gaskiyarsu. To yanki ƙyalle santimita 10 kowane gefe, ki wanke, ki shanya, ki goge, ki sake aunawa. In ya ragu da milimita uku, siket mai hif 110 zai rasa fiye da santimita 3, sai ki zaɓa: ko wanki yanzu ko ƙarin sarari. Shafi kam, wato yadin da ake sawa ta cikin siket, a wanke shi ko ta halin ƙaƙa. Shafin auduga mai laushi ya fi dacewa da zafin Maris zuwa Mayu. Mai santsin nan na roba yana riƙe gumi, da hunturu kuma ya riƙa manne wa ƙafa.

Yanka

Goge yadi, ninka shi fuska na ciki. Auna daga kan kibiya zuwa bakin yadi, sannan daga gindinta, awo biyun su zo ɗaya kafin ki sa fil. Karkatar santimita ɗaya a nan ita ce ke sa ɗinkin gefe ya murɗo gaba bayan wanki biyu. In zanen manya ne, yanka falle-falle don ki ga inda kowane zane zai faɗa. Babban da'ira bai dace ya zauna a tsakiyar mazaunai ko kan ciki ba. A yankan falle ɗaya, in kin fitar da bayan dama sai ki kifa takardar kafin na hagu, in ba haka ba za ki tashi da dama biyu.

Atamfa mai kyau launinta ya ratsa fuska biyu, da wuya a bambanta. Fuskar da rubutun bakin yake karantuwa daidai ita ce waje. Sa alamar alli a bayan kowane yanki kafin ki ɗaga shi. Almakashi ya riƙa tafiya a kan tebur, kada a ɗaga yadi sama. Alamomin haɗi a ɗan tsaga su milimita uku cikin rara. Tsinin dat a soka fil ya ratsa falle biyu, a ɗiga alli ta kowane ɓangare.

Keke da ɗinki

Allura lamba 14 ga atamfa da shadda, 11 ga yadi marar nauyi, 16 ga mai kauri, kuma sabuwa. Tsawon takun ɗinki milimita biyu da rabi. A tsofaffin kekuna irin Butterfly da Singer masu lambobi a jikin maɓallin taku, 10 zuwa 12 ke nan. Gwada a ƙyalle ninki biyu tukuna. Zare ya cukurkuɗe a ƙasa, laifin na zaren sama ne, ko ya yi sako-sako ko an zura shi takalmin keke, mai danne yadi, yana ƙasa. Ɗaga takalmin, ki sake zurawa daga farko kafin ki taɓa ƙoshiya. Keke yana tsallake taku, allura ta lanƙwashe ko an sa ta a juye. Doguwar kwarin da ke jikinta ɓangaren da zare ke shiga take fuskanta. Ƙurar hunturu da burbushin yadi suna taruwa ƙarƙashin haƙora, a share, a ɗiga mai, a bi ƙyalle sau biyu kafin a kawo yadin gaske.

Fara da bin bakin ƙugu da layi ɗaya a santimita 1.2, daga gefe zuwa tsakiya, don kada lanƙwasar ta miƙe a hannu. Sai dat: daga faɗi zuwa tsini, taku uku na ƙarshe su bi bakin ninkin sosai, a bar zare a ƙulla da hannu. Komawa baya a tsini ko fita da sauri shi ke barin ɗan ƙullutun nan da guga ba ya kwantarwa. Goge su suna kallon tsakiya, a kan tawul da aka naɗe.

Zif na santimita 20 zuwa 22 ya isa. In tazarar ƙugu da hif ta wuce 30, nemi na 25, in ba haka ba sai ta kai za a riƙa sa siket. A sa shi tun baya yana shimfiɗe, kafin a haɗa gefe. Manna siririn gam, wato ƙyallen da ake mannawa da guga don ƙarfafa yadi, mai faɗin santimita 2 a bayan kowane bakin buɗewar; rashinsa ke sa zif ya yi tudu-tudu. Ɗinka tsakiyar baya daga ƙasa zuwa alamar zif, daga nan zuwa sama ki riƙe da manyan taku na wucin gadi. Goge rarar a buɗe, kifa zif a kanta haƙoransa daidai kan layin, ki riƙe da allurar hannu. Juya waje, sa takalmin zif, ki ɗinka milimita 6 ko 7 daga layin, kowane ɓangare daga ƙasa zuwa sama. In kika sauka ta nan kika hau ta can, ɓangare ɗaya zai ja sama ɗaya ƙasa, zanen ya goce. Sannan ki farke riƙon.

Kowane ɗinki a goge shi kafin wani ya hau kansa. Mai dutsen gawayi ta gwada zafinsa a ƙyalle, ta shimfiɗa farin ƙyalle mai ɗan danshi tsakani, ta kuma nisanta shi da haƙoran zif, roba ne, suna narkewa.

Gwaji

Riƙe gefe biyu da manyan taku, ki sa siket fuskarsa a waje, ki ɗaura robar nan a ƙugu. Tsayawa gaban madubi bai isa ba. Yi tafiya, zauna a kujera, zauna a tabarma irin zaman tahiya, taka dakali.

Layukan tattara a kwance kan hif, siket yana hawa sama in kina tafiya: ya matse, saki gefe. Ninki a tsaye: ya yi yawa. Yadi ya taru a kwance ƙasan ƙugu ta baya: tsakiyar baya ta yi tsawo, sauke layin ƙugu santimita 1 zuwa 1.5 a tsakiya, ya ɓace kafin gefe. Bakin baya ya ɗage, ɗinkin gefe ya karkata baya: mazaunai suna neman ƙarin tsawo da faɗi. Saki bakin baya kawai a gefe, ki bar na gaba, sannan a takarda ki tsaga baya a layin hif, ki buɗe santimita 1.5 zuwa 2 ta tsakiya saboda siket na gaba. In gaba ne ya ɗage, gefe ya karkata gaba, ciki ne. Rage zurfin dat na gaba ko ki cire su. Gyara ɗaya a lokaci ɗaya, a sake sawa, don gyara guda yakan kawar da aibi biyu.

Mai tsoron taɓa atamfa mai tsada ta fara yanka shafin, ta yi duk wannan gwaji a kansa, ta mayar da gyaran kan takarda, sannan ta yanka atamfar.

In ya zauna, ɗinka gefe daga ƙasa zuwa sama, rage rarar zuwa santimita 1.5. A kai wibin, wato keken da ke ɗaure bakin yadi don kada ya warware, ko a bi da zigzag, ko a kalmashe kowane baki milimita biyar a bi da layi.

Shafi, bandi, kalmasa

Shafi da takarda ɗaya ake yanka shi, ya gaza siket da santimita 2 zuwa 3. Dat ɗinsa ba sai an ɗinka ba, a ninke su kawai a ƙugu don ya sami sarari, tunda shafin da ya fi siket matsi shi ke fara yagewa. Zura shi ciki baya da baya, riƙe a ƙugu, ki kalmashe bakinsa a jikin zif da allurar hannu, nesa kaɗan da haƙora.

Bandi mai faɗin santimita 3.5 ana yanka shi 10: uku da rabi sau biyu, da rara ɗaya da rabi sau biyu. Tsawonsa ga mai ƙugu 76 shi ne 84, wato 76, da 2 na numfashi, da 3 na harshen da ƙugiya za ta zauna, da 3 na rara. Manna gam ta hanyar danna dutse daƙiƙa goma a kowane wuri, ba a jan sa, a bari ya huce kafin a ɗaga. Gam ɗin da ya yi ƙuraje bayan wanki, zafi ko lokaci ne bai ishe shi ba. Raba bandi huɗu ban da harshen, raba ƙugun siket huɗu, haɗa alama da alama. Ƙugun siket yakan fi bandi da santimita ɗaya ko biyu. A ɗinka siket yana ƙasa, haƙoran keke za su shanye rarar ba tattara. Rufe zif ki duba ɓangare biyu sun yi daidai kafin ki ci gaba. Rage rarar, ninka bandi fuska da fuska, ɗinka ƙarshensa biyu, yanke kusurwa, juya, goge, ki bi ta waje cikin kwarin ɗinkin don ya kama na ciki.

Siket mai buɗewa a rataye shi kwana ɗaya kafin kalmasa, don inda aka yanka a karkace yana saukowa. Sa shi da takalmin da za ki riƙa sawa, wata ta tsayar da rula a ƙasa, ta zagaya tana sa fil a tsayi ɗaya. Daga ƙasa ake auna kalmasa, don jiki ba ya cin yadi daidai gaba da baya. Santimita 3 sama da ƙasa ya raba bakin da ƙura da caɓin damina. Miƙaƙƙe a ninka santimita 1 sannan 3. Mai buɗewa a rage rarar, a yi siririyar kalmasa, ɗaya da ɗaya, domin babbar kalmasa a lanƙwasa sai ta tattare.

Ƙugiya a ɗinka ta siket yana jiki, bayan an ci abinci, da zare ninki biyu, kowane rami taku biyar ko shida. Sannan ki koma kan takardunki ki rubuta duk gyaran da aka yi a gwaji, da awon da aka yi aiki da shi, da irin yadin. Naɗe su a sa cikin leda a rataye, nesa da bango saboda gara.